Gammon Bindiga da Kafaɗun Maharban Dajin Rugu

Duk wanda ya tashi a ƙasar Ruma ko ta Yarima kafin shekarun 1980 zai iya tuna wani irin dattijo da akan gani a bakin kasuwa ko a gindin bishiyar ƙofar gida. Idan zai sa riga sai ya fara cusa hannun dama a hankali yana cije baki, idan kuma za a gaisa ba ya iya ɗaga hannun ya wuce ƙirjinsa. Mu yara a lokacin mukan ɗauka tsufa ne ko sanyin ƙashi. Sai da hankali ya zo muka gane cewa da yawa daga cikin waɗannan dattawa maharba ne, kuma abin da ya cinye musu kafaɗu bindigarsu ce ta kansu, wadda suka yi shekaru talatin ko arba'in suna tokarawa a wuri guda.

Baffana, Allah Ya jiƙansa, yana cikinsu. Bindigarsa takan kwana a rataye a bangon turakarsa, kuma a gindin ƙotarta akwai wata 'yar jakar fata ɗinkakkiya, cushe da audugar rimi, wadda gumi ya mayar baƙa ƙirin. Gammo yake kiranta, kamar dai gammon da mata ke naɗawa a ka kafin su ɗauki tulu. Ranar da na tambaye shi amfaninta sai ya dube ni ya ce: "Bindiga baki biyu gare ta, ɗan nan. Guda na nama, guda naka." Ban fahimci maganar ba sai da na kai shekara goma sha shida, ranar da na saci jiki na gwada wata bindiga marar gammo a bayan gari, na kwana uku ina ɓoye wa innata dalilin da ya sa nake cin tuwo da hagu.

Abin da ya tayar da wannan tsohon zance shi ne tambayar da wani ɗan ƙungiyarmu mazaunin Kaduna ya yi mini a wajen taron shekara. Ya gaji bindigar farauta mai lasisi daga mahaifinsa, irin mai tsananin shuri, ya kuma ga robobi iri-iri da ake sayarwa don a maƙala a gindin ƙota, shi ne yake son sanin wadda ta fi. Na ce masa amsar tana da tsawo, domin kakanninmu sun riga shi yin wannan tambaya da fiye da shekara ɗari, kuma yadda suka amsa ta wani yanki ne na tarihin garuruwanmu da ba a rubuta ba.

Daga baka zuwa bindiga

Sarautar shugaban maharba a ƙasar Hausa har gobe sunanta Sarkin Baka, kuma sunan kaɗai ya isa ya nuna wa mai karatu makamin da aka fara sana'ar da shi. Baka da kibiya mai dafin kwankwani su ne suka riƙe dajin Rugu tsawon zamani. Baka ba ta shuri. Ƙarfin da take buƙata a damtse da baya yake, kuma maharbin da ya ƙware yakan sanya kan burtu ya rarrafa har ya kusanci gwanki ko kanki, ya saki kibiya ba tare da ƙarar da za ta tarwatsa garke ba.

A ƙarni na 19 wannan daji namu iyaka ce ta yaƙi. Bayan jihadi, zuriyar tsofaffin sarakunan Katsina sun kafa Maraɗi, kuma daga can ne su da Gobirawan Tsibiri suke ratso daji su kawo hari yammacin Katsina da gabashin Zamfara. Wannan ne ya sa garuruwa irin su Ruma da Zakka suka zama garuruwan tsaro masu ganuwa. Baturen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda ya yi wa kansa suna Abdulkarim, ya biyo ta nan a 1853 a kan hanyarsa daga Katsina zuwa wajen Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Ya bi ta Kuraye da Kurfi ya sauka a Zakka, daga nan ayarinsu ya ratsa dajin cikin fargabar rundunar Gobirawa har suka fita Zurmi. A wancan zamani bindiga kaɗan ce a hannun mutane, kuma yawancinta tana wajen sarakuna, waɗanda suke damƙa ta ga bayinsu 'yan bindiga. Manyan barade irin Ɗanwaire, wanda har yau Ruma take alfahari da shi, da doki da mashi da takobi suka yi suna. Wanda ya fi kowa tara bindigogi a wannan nahiya tamu shi ne Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, domin shi har igwa aka ƙera masa a birnin Zinder, ana kuma haɗa masa albarushi a gida.

Bindigogin da suka iso mana ta hanya biyu suka zo: ta Sahara daga Tarabulus, da kuma ta kudu daga bakin teku, suna ratsowa ta ƙasar Nufe da ta Yarabawa. Na bakin teku dogaye ne masu ƙyastu, waɗanda ake ɗurawa ta baki. Turawan Ingila suna kiransu da sunan mutanen Denmark, saboda fataken wannan ƙasa suna cikin waɗanda suka yi cinikinsu a gaɓar Ghana ta yau kafin su sayar wa Ingila da sansanoninsu a 1850, ko da yake mafi yawan bindigogin a Birmingham ta Ingila da Liège ta Beljiyam aka ƙera su. A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a Brussels wadda ta hana sayar wa mutanen yawancin Afirka bindigogin zamani, ta bar musu masu ƙyastu da albarushin kasuwa. Shekara goma sha uku bayan haka, a 1903, Kano da Sakkwato suka faɗi a gaban bindiga mai ruwa, Katsina kuma ta karɓi Lugard ba tare da yaƙi ba. Mai karatu zai iya haɗa waɗannan shekaru biyu da kansa.

Da yaƙe-yaƙe suka ƙare sai bindiga ta bar ƙofar fada ta shiga daji. Maƙeranmu, waɗanda da ma suke gyara ta, suka koyi ƙera ta ɗungurungum, suna sassaƙa ƙota da itacen daji mai tauri, daga baya kuma, da motoci suka yawaita, suna yin bututun da ƙarfen sitiyari ko bututun famfo. Ita ce muke kira bindigar baushe, ko ta toka, ko harba-ka-ruga, suna na ƙarshen nan kuwa gaskiya tsantsa ya faɗa: harbi ɗaya gare ka, idan ɓauna ba ta faɗi ba sai ka nemi bishiya.

Me ya sa take shuri?

A nan ne ya kamata mu ɗan tsaya, domin wanda bai san dalilin shurin ba ba zai iya zaɓen maganinsa ba. Lokacin da albarushi ya kama wuta, ƙarfin da yake tura harsashi gaba shi ne daidai ƙarfin da yake tura bindiga baya. Wannan ƙa'ida ce da Isaac Newton ya rubuta tun 1687, kuma duk yaron da ya taɓa tsalle daga kan kwalekwale ya ga kwalekwalen ya ja baya ya san ta a aikace. Abin da ya sa harsashi yake kisa ƙota kuma take tsayawa a ƙujewa shi ne bambancin nauyi: harsashi ƙarami ne sai ya tafi da gudu, bindiga mai nauyi ce sai ta dawo a hankali.

Bari mu sa lissafi. A ɗauki bindigar harbin zabi mai nauyin kilo 3.2, wadda take fitar da ƙwayoyin dalma giram 32 da gudun mita 400 a daƙiƙa. Za ta dawo baya da gudun mita 4 a daƙiƙa, ko ma fiye idan aka haɗa da turin hayaƙi. Bugun da kafaɗa za ta sha ya yi kusan daidai da a saki dutse mai kilo biyu da rabi daga tsayin mita ɗaya ya faɗo mata. Idan da bindigar ta kai kilo 4.5, da harsashin bai canja ba, dutsen ba zai kai kilo biyu ba. Amma idan aka ninka nauyin abin da aka ɗura, aka kuma ƙara albarushi har ya fita da gudun farko, bugun ba ninki biyu zai yi ba, ninki huɗu zai yi. Wannan ninki huɗun shi ne ya karya ƙashin wuyan mutane da dama a dazuzzukanmu, domin maharbin da ya ji labarin ɓauna ko zaki a kusa yakan ga kamar ƙarin albarushi ƙarin tsaro ne.

Mafi tsananin ɗuri da aka sani a ƙasar Hausa shi ne na maharban giwa. Su ba dalma suke zubawa ba. Wani gajeren mashi mai dafi, wanda ake kira sango, suke zurawa a bakin bindiga su harba shi daga kusa, sa'an nan su bi sawu har dafin ya gama aikinsa. Sango ya ninka harsashi nauyi sau da yawa, saboda haka mai karatu zai iya kwatanta abin da ke komawa kan mai harbin. Giwa kuwa ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Har cikin shekarun 1980 da 1990 akwai garken da yake kai da komo tsakanin dajin Baban Rafi da ke kudancin Maraɗi da dajinmu na Rugu.

Dabarun magabata

Dabara ta farko ita ce kada a bar ƙota ta taɓa kafaɗa sam. Maharba da yawa na farko daga ƙugu suke harbi, ko su miƙe hannuwa su nisantar da bindigar daga fuska, domin ban da shuri akwai tsoron fashewar bututu. Har yau haka 'yan bindiga suke yi a hawan salla, ko da yake su albarushi zalla suke ɗurawa. Illar wannan dabara ita ce ba saiti. Ta yi wa mai neman ƙara da hayaƙi, amma mai neman barewa a tazarar taku hamsin dole ya kai ƙota kafaɗa ya ɗora kunci.

Ta biyu ita ce awo. Baffana da yatsu yake auna ɗurinsa: idan ya zuba albarushi da dalma ya danna, sai ya zura sandar ɗuri ya ga yatsa nawa ta rage a waje. Ɗurin zabo daban, na gada daban, na mugun dawa da ke tone mana rogo daban, kuma ban taɓa ganin ya wuce iyakar da ya san bututunsa zai ɗauka ba, ko da abokan farauta suna yi masa ba'a. Ta uku ita ce nauyin ƙota. Tsofaffin maƙera ba sa yarda su fafe ƙota ta zama sakayau don mai ita ya ji daɗin rataya. Sukan bar mata faɗi a gindi da kauri a wuya, kuma lissafin da muka yi a sama ya nuna suna da gaskiya.

Sai ta huɗu, wato gammo. Wanda ba shi da hali yakan naɗa tsumma ko ya ninka warkinsa a kafaɗa. Mai hali yakan kai wa baduku ƙotar ya auna, ya yanka jemammiyar fatar akuya, ya ɗinka ta kamar kube, ya cusa audugar rimi ko gashi, ya ɗaure da tsirkiya. Na ga wani a Wagini da aka yi wa ado da jar fata da kore kamar linzamin doki. Audugar rimi tana da laushi kuma ba ta riƙe ruwa sosai, amma takan kwanta bayan damina biyu ko uku, sai an kwance an sake cusawa. Maharbin da ya yi sakaci da wannan gyara yakan ci gaba da ɗaukar gammon da ya zama faifai, yana zaton yana da kariya.

A ganina abin sha'awa a nan shi ne jerin da suka bi. Sun fara da rage ɗuri, suka bi da nauyin bindiga, sa'an nan gammo ya zo a ƙarshe. Mu 'yan birni mun juya jerin, mukan fara da tambayar wace roba za mu saya.

Turawa ma sun sha

Kada a ɗauka wannan wahala tamu ce mu kaɗai. Frederick Selous, Baturen Ingila da ya yi farautar giwa a ƙasar da ake kira Zimbabwe a yau cikin shekarun 1870, da bindigar ɗuri ta baki ya fara, wadda ƙwallon dalmarta guda ya kai kimanin giram 113. A littafinsa na 1881 ya ba da labarin ranar da aka ɗura masa ita sau biyu bisa kuskure. Da ta tashi sai ta yi jifa da shi, ta tsaga masa kunci, ƙotar ta farfashe. Ya kuma amsa da bakinsa cewa shurin waɗannan bindigogi ya ɓata masa natsuwar harbi tun daga wancan lokaci. Wannan ita ce illar da ta fi ƙujewa muni, kuma maharbanmu sun san ta: mutum ya riƙa runtse ido yana zabura tun kafin ya ja kunama. Wanda bindiga ta koya wa tsoro ba ya ƙara saiti daidai, kuma sakamakon haka shi ne dabba mai rauni a daji, wadda ta fi lafiyayya haɗari.

Maganin Turawa ya biyo bayan gano yadda ake dafa roba ta daina narkewa a zafi, abin da Charles Goodyear ya yi wa rajista a Amurka a 1844. Kafin ƙarni na 19 ya ƙare wani kamfanin London mai suna S. W. Silver yana sayar da jar roba da ake ɗaurawa a gindin ƙota, kuma ita ce ake gani a kan manyan bindigogin farautar Afirka na wancan zamani. Buƙatarta ta ƙaru da fitowar harsasai masu ƙarfi irin .416 Rigby a 1911, da .375 na kamfanin Holland & Holland a 1912, da .458 Winchester a 1956. Na 1912 ɗin shurinsa ya kai kusan ninki biyu na bindigar zabin da muka yi misali da ita, na 1956 kuwa ya haura ninki uku. Daga baya kamfanin Pachmayr na Amurka ya shahara da roba mai ramuka a ciki, wadda take lanƙwashewa ta sha bugu, sa'an nan aka samu sababbin robobi masu taushi irin Sorbothane da waɗanda ake sayarwa da sunan LimbSaver.

Mu ma robar ta iso mu, amma ta ƙofar baya. Motocin da suka zo kwasar gyaɗa da auduga sun bar mana tsofaffin tayoyi, kuma masu yanka takalmin taya a kasuwar Batsari su ne suka fara yanka wa maharba ƙyallen roba a buga da ƙusa a gindin ƙota. Gaskiyar magana robar taya ta yi tauri da yawa. Tana hana ƙota tsagewa idan an dogara ta a ƙasa, tana hana ta zamewa daga kafaɗa, amma bugun da take sha kaɗan ne. Tafin silifa da ya biyo baya ya fi ta laushi nesa ba kusa ba, sai dai rana tana cinye shi. Baffana ya gwada duka biyun ya koma wa audugarsa.

Amsar tambayar ɗan'uwana na Kaduna

Abu na farko da zai sani shi ne gammo ba ya rage turin da bindiga take yi, domin wannan nauyin harsashi da gudunsa da nauyin bindiga ne suke yanke shi. Aikin gammo shi ne ya shimfiɗa bugun: maimakon ya sauka a ƙiftawar ido a kan tsinin katako, sai ya sauka a hankali a kan wuri mai faɗi. Bambancin naushi da turi ke nan. Saboda haka faɗin gammo yana da muhimmanci kamar kaurinsa, kuma siririn gindi mai kaifin gefe ba ya gyaruwa da laushin roba kawai.

Abu na biyu tsawo ne, kuma a nan mutane suka fi kuskure. Tazarar da ke tsakanin kunama da ƙarshen ƙota ga matsakaicin namiji takan kama santimita 35 zuwa 37. Gammon bindiga mai tsananin shuri yakan kai kaurin santimita biyu da rabi. Idan aka ɗora shi ba a rage katakon ba, ƙota ta yi tsawo, sai gindinta ya zame daga lungun kafaɗa ya sauka a kan damtse, inda ba tsokar da za ta tare shi, mutum ya wayi gari da hannu shuɗi yana zagin robar da ya saya. A tuna kuma lokacin farauta a wajenmu hunturu ne da bazara. Wanda ya gwada bindiga da 'yar shara a ɗaki zai same ta ta ƙara tsawo ranar da ya sa rigar sanyi. Wanda ya san aiki yakan yanke ƙotar daidai kaurin da zai ƙara.

Iri uku ake samu. Akwai wanda ake zurawa kamar safa, shi ne jikan gammon baffana. Yana da araha, ba ya buƙatar maƙeri, amma yana ƙara tsawo, yana juyawa, kuma idan aka bar shi damina guda danshi yakan taru a ƙarƙashinsa ya ɓata katako. Akwai wanda aka yi daidai da wani samfurin bindiga, a kwance tsohon a ɗaura sabon da sukurori biyu, wannan kuwa sai bindigar kamfani wadda ba a taɓa yanke ƙotarta ba. Na uku shi ne wanda ake saye da girma a goge shi da na'ura har ya bi siffar ƙota. Ga tsohuwar bindigar gado, wadda hannuwa da yawa suka taɓa, na ukun nan nake ba da shawara, da sharaɗin a kai wa mai lasisin gyaran bindiga.

Game da laushi, kada a ruɗu da wanda yatsa yake nutsewa a cikinsa a kanti. Roba mai laushi ƙwarai takan matse har ƙarshe a ƙarƙashin babban harsashi, katakon ya iso kafaɗa kamar ba ta nan. Tana kuma kama tufafi, wanda ga mai taguwa ko babbar riga yana nufin ƙota ta maƙale a hammata a daidai lokacin da ake gaggawa. Shi ya sa masu farautar manyan namun daji suke son gammo mai santsi a sama, ko wanda aka lulluɓe da fata, wato dai sun dawo wajen baduku. Sa'an nan ga zafin ƙasarmu, inda watan Afrilu yake haura digiri 40. Wasu robobin masu taushi sukan yi danƙo ko su lotse idan aka jingine bindiga a kansu wata da watanni a ɗaki mai rufin kwano. A rataye ta, ko a kwantar.

Akwai kuma abin da gammo ba ya yi. Ba ya hana ƙota dukan kunci idan siffarta ba ta dace da fuskar mai ita ba. Ba ya kare kunne, kuma duk tsohon maharbin da na sani sai an ɗaga murya yake ji. Ba ya kuma hana bututun famfo fashewa. Wannan na ƙarshe ya fi damuna, domin wanda ya daina jin zafin shuri yakan samu ƙarfin halin ƙara ɗuri, alhali zafin nan shi ne yake gaya masa ya kai iyaka.

Wa ke ɗauke da ita yau?

Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku: waɗanda aka haramta sai da izinin shugaban ƙasa, da na farauta irin na kamfani waɗanda lasisinsu yake hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, da na ɗuri ta baki waɗanda kwamishinan 'yan sanda na jiha yake ba wa izini. Dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 da dokar soja ta 1985 kan dabbobin da ke shirin ƙarewa sun hana ko sun taƙaita farautar manyan namun da aka ƙera manyan bindigogi dominsu. Ko da ba doka ma, namun sun tafi. Ba giwa a Rugu, ba ɓauna, kuma bindigar ɗan'uwana ta Kaduna ta fi ƙarfin duk abin da ya halatta ya harba a ƙasar Katsina. Na gaya masa haka, bai ji daɗi ba.

Dajin kansa kowa ya san abin da ya zama. Tun daga shekarun 2010 ya koma mafakar 'yan bindigar da ba ruwansu da farauta, kuma ƙauyukan Batsari da Safana suna cikin waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗa. Kalmar 'yan bindiga ma, wadda a da take nufin masu yi wa sarki rakiya ranar salla, ta canja ma'ana a bakin 'ya'yanmu. Mutane sun bar gonaki, wasu sun bar garuruwa, da yawa daga masu karanta wannan mujalla sun sauke 'yan'uwa a gidajensu na Katsina da Kano da Abuja. A watan Oktoba na 2023 gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma, amma tun kafin nan samarin ƙauyuka ne suke kwana a bakin gari da bindigar baushe.

Waɗannan samari ba su zauna a gaban wani Sarkin Baka ba. Ba wanda ya nuna musu awon yatsu. Tsoro ne yake auna musu albarushi, kuma tsoro ba ya cewa ya isa. A zuwana gida na ƙarshe na ga wani yaro, ɗan maƙwabcinmu, bai wuce shekara ashirin da biyu ba, yana cusa hannun dama a riga a hankali yana cije baki, daidai yadda baffana yake yi yana da shekara saba'in. Na karɓi bindigarsa na duba. Ƙotar sakayau ce, gindinta bai kai faɗin yatsa uku ba, katako tsirara. Wani abokinsa kuma yatsu biyu suka rage masa a hannun hagu.

Tsofaffin da suka san awon nan ba su fi a ƙirga da yatsu ba a gundumomin biyu, kuma wasunsu suna zaman gudun hijira a garuruwan da ba a san ko su wane ne ba. Ina roƙon kwamitin tarihi na ƙungiya ya sa su cikin waɗanda za a ɗauki muryarsu a bana, a tambaye su sunayen sassan bindiga da na ɗuri da na wuraren da suka yi farauta tsakanin Runka da Ruma, a kuma nemi iyalan da suke da tsofaffin ƙotoci da gammo su ba da aro a ɗauki hoto. Na baffana yana wajena. Bindigar an miƙa ta ga hukuma bayan rasuwarsa, amma na kwance gammon kafin a tafi da ita, kuma zan kawo shi taro mai zuwa ga duk mai son ya ga ɗinkin.